Bulon Bangon Gabas

Tiya ne ya buɗe mini ƙofar cocin
da mabuɗi mai tsawon tafin hannu.
Ya ce, "Usta, bangon gabas ya tsage tun ambaliyar bara."
Na tuɓe takalmi a dokin ƙofa.
Ya ce nan ba a tuɓewa.
Na ce ƙafata ce ta saba, ƙyale ta.

Ciki sanyi, irin na sabuwar randa,
alhali a waje Atbara tana gasa ƙarfen dogo.
Jan bulo ne, lakar bakin kogi da ta sha wuta,
jeri bisa jeri, ba ha'inci ko na faɗin farce.
Na saki igiyar awo daga sama,
dalma ta tsaya cik, ta rasa abin faɗa.

Na ɗaga kai.
Bakan gizo nake nema, irin wanda kakana ke zana mana a ƙasa
in ya tuna sorayen Kazaure.
Nasu bai lanƙwasa ya huta ba,
ya haɗe a sama da tsini
kamar yatsun mai roƙon da bai gama magana ba.
Rufin kuwa an yi masa gangara mai tsanani
don ƙanƙarar da ba ta taɓa zuwa ba,
shekara ɗari da ɗoriya yana jiranta.

A kan ginshiƙai an sassaƙa ganye,
ba na giginya ba, ba na gawo ba,
ganyen wata bishiya ce da babu mai inuwarta a garin nan.
A tagar gilashi makiyayi ya saɓa tunkiya
mai gashin da zai kashe ta kafin azahar.
Gefe guda ya fashe,
Tiya ya toshe da gilashin tsohuwar motar haya,
hasken nan ne kaɗai ke shigowa da launin gari.
Sauran ja ne da shuɗi,
suka zuba a bayan hannuna kamar na fito daga marina.

Akwai allon tagulla a bango.
Tiya ya karanta mini: injiniyan jirgi,
shekara ashirin da shida, zazzaɓi.
Uwarsa ce ta aiko kuɗin tagar
daga ƙauyen da aka kwaikwayo ginin nan.

Kwana na huɗu na kai ga tsagar.
Na zare bulo bakwai, na takwas ya zo da nauyin hannu.
Na juya shi.
A fuskar da ke kallon duhu,
wani ya ja tsinke tun laka na ɗanye,
ajami, baƙi uku, hannu na rawa:
gida.

Ban ce kakana ne ba.
Su da yawa suka taso da ƙafa, alƙibla a gaba,
guzuri ya ƙare musu a bakin kogin nan,
suka ɗauki bulo a ka kafin kuɗin jirgin ruwa ya taru.
Na wasu ya taru.
Jatau dai a nan aka binne shi, bayan tasha.

Na nuna wa Tiya. Ya daɗe yana dubawa.
Ba ya karanta ajami,
amma shekararsa goma sha tara rabonsa da duwatsun Nuba.
Ya tafi ya ɗora jabana a kan gawayi,
ya shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin darbejiya
don ladan ya riga ya kira.

Da na dawo na kwaɓa ƙasa da farar ƙasa,
na mayar da bulon mazauninsa,
rubutun na kallon ciki yadda mai shi ya bar shi.
Na shafe bakin da bayan cokali.
Jirgin Bur Sudan ya yi kuka,
tantabaru suka tashi daga hasumiyar ƙararrawa,
suka zaga sau biyu, suka komo.

Saura bulo bakwai.